Takarda ba ta tashi ta tafi gida

Jiya a mota, muna dawowa Jahun daga wurin aiki, ka ce min: "Maigida, littattafai ne fa kawai za a jera a laburaren nan na masu karatun lauya. Me ya kawo rodi mai kauri haka, ga filoli kusa da kusa, kamar tirela za a ajiye a sama?" Ƙarar mota ce ta hana ni ba ka amsa. Jawo tabarma ka zauna, ɗana.

Ka taɓa ɗaga rim ɗin takarda a shagon masu fotokofi? Ɗan ƙunshin nan kilo 2 da rabi ne. To littafin hukunce-hukuncen kotu takarda ce zalla aka danne, aka yi mata bango mai tauri. Jera su a kanta mai hawa shida ko bakwai, gaba da baya, sannan ka jera kantocin sahu-sahu da ɗan lungun da mutum zai ratsa. A lissafin da injiniyoyinmu suka gada daga Ingila, dekin gidan zama ana yi masa tanadin kilo 150 a kowane murabba'in mita, na aji kilo 300, na ma'ajiyar littattafai kuwa ba ya gaza 650. Mayar da shi buhun siminti, tunda shi bayanka ya sani: buhu 3, buhu 6, buhu 13. Auna mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi a nan tsakar gida, ka ɗora buhu 13, ka ce haka ɗakin yake daga bango zuwa bango.

Kuma ba nauyin kaɗai ba ne, zaman ne. Ɗalibai su cika aji da safe, la'asar ta yi su watse, dekin ya huta. Takarda ba ta zuwa hutu. Dubi azarar soron kakanka: ba rana ɗaya ta lanƙwashe ba, ƙasar da ke kanta ce ta yi ta danna ta shekara da shekaru. Kankare ma haka yake sunkuyawa a hankali idan kaya ya daɗe a kansa, sai wata rana ka ga tsaga ta bi ƙarƙashin bim, wato azarar kankaren da ke ɗauke da dekin.

Laburaren lauyoyi ya fi sauran wannan hali, don ba ya ramewa. Likita na iya ture tsohon littafi in sabon ilimi ya zo, lauya kuwa da hukuncin da aka yanke tun kafin a haife shi yake kafa hujja gaban alƙali, saboda haka ba a zubarwa. Kundin hukunce-hukuncen kotu na Nigerian Weekly Law Reports kaɗai, wanda marigayi Gani Fawehinmi ya fara fitarwa a 1985, mako-mako yake fitowa. Shi ya sa mai zanen ya sauko da mafi yawan kantoci ƙasa, ya kai teburan karatu sama. Ni a ganina ya yi hankali, ko da yake matakalar da ya zana ta yi min ƙunci.

Tagogi ka ga manyan suna duban arewa da kudu, na gabas da yamma ƙanana, don rana ta fi dukan nan, tana kuma gasa takarda ta koma ja. Gara ce abin tsoro na gaske. Na taɓa yin aiki ƙarƙashin wani ɗan kwangila da ya ce a bar feshin magani da shimfiɗa leda kafin zuba kankaren ƙasa, wai kuɗi sun ƙare. Damina biyu aka kira mu gyara. Na zaro wani fayil daga kantar ƙasa, bangon lafiya lau, cikin kuwa ƙasa ce.

Gobe kafin a fara zubi ka bi rodin nan layi-layi, ka tabbata akwai biskit, wato 'yan gutsattsarin kankaren da ke ɗaga rodi, a ƙarƙashinsa, kada ƙarfe ya kwanta a kan katako. Leburori kuma kar ka bari su ƙara ruwa a kwaɓi don ya yi musu sauƙin ɗauka. Bayan zubi ban ruwa naka ne, safe da yamma, kwana 7 aƙalla. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa, don haka ko kafinta ya matsa yana son katakonsa, tokara ɗaya ba za ta fita ba sai injiniya ya zo ya gani.