Zum 24-70 ko tilt-shift: kuɗin guda ɗaya gareni, wanne zan saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni mai hoto ne a Kaduna, yawancin aikina biki ne da suna da walima, kyamarata Canon 6D ce, lens ɗina kuma guda ɗaya ne tal, 50mm. Kwanan nan wani dillalin gidaje ya fara bani aikin ɗaukar gidajen da yake sayarwa, to amma duk benen da na ɗauka sai ka ga kamar zai faɗi ta baya, samansa ya tsuke ƙasansa ya buɗe. Wani abokina yace maganin abin wani lens ne wai shi tilt-shift. Ni kuma dama na tara kuɗi ne da niyyar sayen zum 24-70, yanzu duk na rikice. Kuɗin na guda ɗaya ne. Wanne zan saya?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara buɗi. Ka sayi zum ɗinka. Na faɗa tun da wuri ne saboda masu gajen haƙurin karatu, amma kai ka tsaya ka ji dalili, domin abokin naka ma ba ƙarya ya yi ba.

Da farko dai wannan faɗuwar benen ba laifin lens ɗinka bane, ba kuma laifin kyamara ba. Wuyanka ne. Ka tsaya a bakin get, ka leƙa, ka ga rufin gidan bai shigo ba, sai ka ɗaga hancin kyamarar sama. To da ka ɗaga ta, sensa ɗin da ke cikinta, wato ɗan allon da hoton ke sauka a kansa, ya daina fuskantar bangon kai tsaye, ya kishingiɗa, sai layukan da suke a tsaye suka fara neman haɗuwa a sama, kamar dai yadda titin jirgin ƙasa yake tsukewa idan ka hango shi can nesa. Idonka ma haka yake gani, ƙwaƙwalwa ce take gyara maka ba ka sani ba. Hoto kuwa ba ruwansa, abin da ya gani shi zai ajiye maka.

Shi wancan lens ɗin abu biyu yake yi, kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Akwai gusarwa, wato shift, akwai karkatarwa, wato tilt. Kai gusarwa ce maganin matsalarka, karkatarwa ba ta shafe ka ba ko kaɗan, sai dai tare ake sayar da su kamar shinkafa da wake.

Ga yadda gusarwar take. Kowane lens hoto yake jefawa a zagaye kamar faifai, sensa kuma ya yanki tsakiyarsa. Sensa ɗin 6D faɗinsa kusan 36mm ne tsayinsa 24mm, daga kusurwa zuwa kusurwa wajen 43mm, to lens na yau da kullum faifan da yake jefawa iyakar abin da zai rufe wannan ne, babu rara sosai. Shi kuwa Canon TS-E 24mm f/3.5L II faifansa ya kai 67mm. Rarar nan ita ka saya. Akwai wani ɗan maɓalli a gefensa da kake murzawa, sai gilashin ya zame sama ko ƙasa ko gefe har 12mm, kyamarar na zaune daram ba ta motsa ba, amma yankin faifan da sensa yake gani ya canza.

Bari mu yi lissafi da titi, don ka gani da idonka. Ka tsaya mita 20 daga gida, 24mm, kyamara a kwance kuma a miƙe sak ba ɗagawa. Abin da zai shigo maka sama da tsayin idonka mita 10 ne, sauran rabin hoton duk kwalta ne da kwata da tayar Keke Napep. Idan ka murza gusarwa har ƙarshe, 12mm ɗin nan rabin tsayin sensa ne cif, sai kwaltar ta fice, ka samu mita 20 a sama, kuma bango yana tsaye kyam kamar an sa masa igiyar magini. Wannan shi ne duk sirrin. Ba sabon abu bane ma, manyan kyamarorin da ake lulluɓa da baƙin zane tun zamanin kakanni suna yi, Nikon ce ta fara kawo gusarwa cikin ƙananan kyamarori a farkon shekarun 1960, Canon kuma ta haɗa gusarwa da karkatarwa a lens guda a 1973. Wanda na ambata maka ɗin nan da ɗan'uwansa 17mm sun fito a 2009.

To me ya sa na hana ka, bayan na gama yabonsa?

Saboda ba shi da otofokas, wato ba ya saita kaifin hoto da kansa. Da hannu ake saita shi, kowane hoto. Ba ya zum, 24mm ne yau, 24mm ne gobe. Aikinsa sai da mai ƙafa uku, sai ka daidaita, ka auna haske kafin ka gusar domin idan ka gusar awon hasken kyamarar yana ruɗewa musamman idan ta madubin leƙe kake aiki, ka buɗe allon baya ka ƙara girman hoton ka tabbatar da fokas, ka kulle maɓallan. Hoto ɗaya sai ya ci maka minti biyar hankali kwance. Yanzu ka ɗauki wannan ka kai shi wajen kamu, amarya ta shigo ƙawaye sun rufe ta, ana liƙi, uwar ango tana jan rigarka wai ka zo ka ɗauke ta da ƙannenta, DJ ya kashe rabin fitilu. Wa zai jira ka? Ni na taɓa aron na wani abokina 45mm na je suna da shi don burga, na manta ban kulle karkatarwar ba, ashe ta ɗan sunkuya tun a jaka. Da na dawo gida na buɗe a kwamfuta, hancin jariri fes, fuskar mai jego kamar an shafa mata man shanu a gilashi. Wallahi ranar ban yi barcin kirki ba, sai da na koma washegari na roƙi alfarma aka sake shiri.

Ga kuma kuɗi. Sabon TS-E 24mm ɗin yana kusan dala 2,000, kai ka san abin da wannan ya zama a naira yanzu. Samyang suna da nasu 24mm f/3.5 mai sauƙin kuɗi sosai, yana aiki, amma shi har ƙofar hasken, wato ramin da haske yake bi ya shiga kyamara, da hannu ake juyawa. Sannan idan ka tashi sayar da tilt-shift ɗin wata rana, masu nemansa a nan ƙalilan ne, zum kuwa ka sa a sitatus da safe kafin la'asar an yi ciniki. Kuma irin waɗannan lens ɗin masu gaɓoɓin da ke motsi ba a rufe suke ruf ba, lokacin hunturu da ƙurar nan tamu sai ka riƙa lallaɓa shi kamar ƙwai.

Shi kuwa 24-70, ai shi ne jakin aiki. 24mm ka ɗauki zauren taro gaba ɗaya, 35 ka ɗauki dangi, 70 ka matso da fuskar ango ba tare da ka taka kafet ɗin mutane ba. Kai da kake fama da 50mm kaɗai, na san sau nawa ka manne da bango a ɗakin amarya kana cewa a ɗan matsu. Idan aikin dare ya fi maka yawa nemi mai babbar ƙofar haske, wato f/2.8, na Canon mai lamba II yana da kyau ƙwarai sai dai ba shi da abin hana rawar hannu, Tamron da Sigma nasu suna da shi kuma sun fi araha. Idan aljihu bai kai ba, 24-105mm f/4L na hannu ba abin rainawa bane, da yawa da shi suka gina gida.

Yanzu maganar benen dillali. Da zum ɗin ma za ka yi maganin kaso mafi yawa, kyauta. Ka sa shi a 24mm, ka juya kyamarar a tsaye, kar ka ɗaga hancinta ko kaɗan. A tsaye rabin sensa 18mm ne ba 12 ba, don haka daga mita 20 ɗin nan za ka samu mita 15 a sama, ya ishi yawancin gidajen da dillali zai kai ka, sai ka yanke kwaltar a editin. Kyamararka megafiksel 20 ce, ko ka zubar da kusan rabi kana da sama da 10, shi kuma dillalin a WhatsApp da Facebook zai saka, inda za a matse hoton ya koma ɗan mitsitsi. Ka sayi ɗan ma'aunin ruwa irin na magina wanda ake maƙalawa a mazaunin filasha, kuɗinsa bai kai na cajar waya mai kyau ba. Idan da hali ka hau wani abu, bayan a-kori-kura ko barandar maƙwabci na tsallaken titi, da izininsa fa, domin kana kai rabin tsayin gidan matsalar ta mutu da kanta.

Idan kuma dole sai ka ɗaga, Lightroom yana da wani abu wai shi Upright tun 2013, danna ɗaya ya miƙar da bango. A waya Snapseed ma yana yi. Sharaɗin kawai ka bar fili sosai a gefe da sama lokacin ɗauka saboda gyaran yana cin gefuna, kuma saman hoton da aka ja zai ɗan rage kaifi. Wani abu kuma, kar ka miƙar ɗari bisa ɗari idan ginin dogo ne kuma kana kusa, sai ya koma kamar kansa ya kumbura, ka bar masa ɗan tsukewa kaɗan ido ya fi yarda da shi. Kuma ka san abin da kake gyarawa. Na taɓa ganin wani ya miƙar da hasumiyar masallacin Agadas a editin, ita da dama can a tsuke aka gina ta, mita 27 tana sirancewa har sama, sai ya maida ta kamar tankin ruwa.

Yaushe za ka dawo ka sayi tilt-shift ɗin? Ranar da masu zanen gine-gine ko otal ko kamfanin gini suka fara kiranka, masu buga hoto babba a manna a bango ko a mujalla, waɗanda za su ƙura wa kusurwar hoto ido. Ranar kuɗin aiki biyu ko uku zai biya shi. Kuma ko a lokacin ka fara aro ko haya na kwana biyu tukuna, cikin ɗaki da bayi 17mm ya fi amfani, waje kuma 24mm, sai ka gwada ka san wanda hannunka ya fi zuwa.

TAMBAYA: Malam ni atamfa da sarƙoƙi nake sayarwa a Instagram. Idan na shimfiɗa kaya a tebur na ɗauka daga gefe, gaban ne kawai yake fitowa, bayan duk dishi-dishi. Ƙanina yace shi ma wannan lens ɗin ne maganinsa, gaskiya ne?

AMSA: Hajiya ƙaninki ya yi karatu. Ke kam karkatarwa ce taki. A lens na yau da kullum wurin da yake fitowa fes kamar allo ne a tsaye a gabanki, abin da ke gabansa ko bayansa sai ya dushe. Idan aka sunkuyar da gilashin, na Canon 24mm yana kaiwa digiri 8.5, sai allon nan ya kwanta ya bi shimfiɗar teburin, daga bakin zanen har ƙarshensa ya fito. Wani sojan ƙasar Ostiriya mai suna Theodor Scheimpflug ne aka laƙaba wa ƙa'idar sunansa, ya yi rajistarta a 1904 yana ƙoƙarin gyara hotunan da ake ɗauka daga sama don zana taswira. Masu hoton agogo da gwal na kamfanoni tilt-shift mai 90mm suke amfani da shi.

Amma don Allah kar ki kashe jarinki a nan. Ki ɗauka daga sama kai tsaye, waya ko kyamara tana kallon teburin sak, komai zai zama nisa ɗaya. Idan kina son na gefen ne saboda ƙyallin sarƙa, ki ja baya kaɗan, ki tsuke ƙofar haske zuwa f/11, ki ɗora kyamarar a kan abu tunda kaya ba gudu za su yi ba. Idan da waya ne ki duba ko yanayin nan na hoton mutum mai dusar da baya a kunne yake, sau da yawa shi ne ɓarawon. Kusa da taga da hantsi, labule fari, ya fi kowace fitila da za a tallata miki.

TAMBAYA: Ina ganin hotunan gari da motoci da mutane suke zama kamar kayan wasan yara, ance da tilt-shift ake yi. Nikon D3500 gareni, zai hau?

AMSA: Karkatarwar ce aka juya ta baibai, maimakon a faɗaɗa wurin da ke fitowa sai a tsuke shi ya zama siririn layi, ƙwaƙwalwa kuma ta saba ganin irin wannan dushewar ne a ƙananan abubuwa na kusa, sai ta ɗauka motocin na roba ne. Ba ka buƙatar lens, Snapseed da Photoshop duk suna yi, abin da ya fi muhimmanci ka ɗauka daga sama, kan gada ko saman bene, rana tana haske, ka ɗan ƙara kala. Nikon suna da nasu masu suna PC-E, amma kyamararka ƙaramin sensa gareta, 24mm zai koma kamar 36mm, faɗin da ake sayensa dominsa ya tafi, ga shi kuɗinsa ya ninka na kyamarar taka. Ka hau gadar masu tafiya da ƙafa da 18-55 ɗinka wajen ƙarfe biyar na yamma lokacin da go-sulo ya haɗu, ka ɗauko guda goma ka turo min mu gani.