Amsa: Me ya sa tsofaffin finafinan soyayya da barkwanci ba sa tsufa?

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ya sa yayarka take ta maimaita kallon tsofaffin finafinan soyayya masu ban dariya, alhali ta san ƙarshensu. Ni ma haka nake, kuma ba ƙarshen labarin nake nema ba. Kowa ya san za a yi aure. Hanyar da za a bi kafin a kai can ita ce daɗin.

Duba yadda suke farawa: saurayi da budurwa suna ta gardama da zolaya, kowa yana ɓoye abin da ke ransa. Mu a Damagaram ai mun san wannan, wasan taubasai ne, wanda sau da yawa yakan kai ga ɗaurin aure.

Sai kuma kunya, wadda a ganina ita ce babba. A Amurka, daga 1934 har zuwa 1968, akwai ƙa'idar tace finafinai mai tsauri, don haka dole marubuta suka zuba soyayyar cikin magana da kallon ido. Shi ya sa nake iya kallonsu tare da Inna a gidanmu na Birni ba tare da na sunkuyar da kai ba. Na yanzu da yawa ba zan iya ba.

Ba mu kaɗai ba ne. Fim ɗin Indiya Dilwale Dulhania Le Jayenge ya fito a 1995, kuma silima guda a Mumbai ta shafe fiye da shekara 25 tana nuna shi.

Ka zauna da yayarka wata rana bayan isha'i ku kalla tare.