Me Za a Sa a Madadin Koren Idon Tsohuwar Rediyo?

Tambaya: Malam, ina da tsohuwar rediyo mai kwalabe wadda take kama tasha sosai, amma koren idon da ke nuna daidaituwar tasha ya dushe, sai cikin duhu ake ganinsa. An rubuta 6U5 a jikinsa. Me zan sa a madadinsa?

Amsa: Malam, kafin ka nemi wata kwalba (domin idon kansa kwalbar lantarki ce), ka fara auna rizista, wato ɗan abin da ke rage gudun lantarki, mai megohom 1 (ma'aunin ƙarfinsa) da galibi ke ɓoye cikin soket ɗin idon, domin idan ya lalace inuwar da ke cikin idon, wadda ke tsukewa idan tasha ta daidaita, takan daina motsi, a ɗora wa kwalba laifin da ba nata ba. Dushewar haske kuwa tsufa ce. Sinadarin da aka shafa a cikin kwalbar, wanda ke ba da koren haske idan lantarki ya doke shi, yana ƙonewa a hankali, kuma ba a iya sabunta shi.

Mafi sauƙin madadi shi ne 6G5, wadda kusan abu ɗaya ce da taka. Ita ma 6E5, wadda kamfanin RCA ya fitar a 1935, tana da ƙafafu shida kuma za ta zauna daram, sai dai tana rufe inuwarta da kusan bolt 8, alhali 6U5 sai wajen bolt 22, saboda haka idon zai rufe ruf a kan kowace tasha mai ƙarfi, sai an rage siginar da ke shiga da rizista biyu.

Akwai kuma 1629, wadda aka ƙera da yawa domin na'urorin soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Mazauninta na ƙafafu takwas ne, kuma hitarta, wato wayar da ke ɗumama kwalbar, bolt 12.6 take buƙata maimakon 6.3 na 6U5, don haka sai an haɗa mata adafta da ƙaramar taransifoma. A ganina 6E5S ta Tarayyar Sobiyet ta fi ta sauƙi, tunda hitarta 6.3 ce, adafta kawai take nema. Ina ba ka shawarar adafta maimakon yanke wayoyin asali, domin rediyon ta ci gaba da zama yadda aka ƙera ta. Masu haɗa ido da fitilun LED ma suna nan, amma haskensu bai kai na asali taushi ba.

Ka sani cewa wutar da ke isa idon takan kai bolt 250, saboda haka ka zare filogi, ka sauke cajin kafasitoci, wato sassan da ke riƙe wuta ko bayan an kashe rediyo, kafin hannunka ya taɓa soket ɗin.