Da gaske masu aikin sa-kai ke shimfiɗa layin dogo a Birtaniya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya. Na ga wani bidiyo na wasu dattawan Turawa a Birtaniya suna shimfiɗa layin dogo da shebur da diga. Aka ce ko sisi ba a biyansu, wai tsohon layin da aka rufe suke farfaɗowa don jiragen tururi irin na da su ci gaba da tafiya. Abin ya ɗaure mini kai. Aikin da a nan sai gwamnati ta ciwo bashi ta kira kamfanin China, ta yaya masu aikin sa-kai za su iya shi? Kuma wa zai yarda ya ɗora iyalinsa a kan layin da malamin makaranta da akawu suka shimfiɗa? In har gaskiya ne, me zai hana mu yi haka da tsohon layin Zariya zuwa Jos da kakana ke ba mu labarinsa? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka gani gaskiya ne, kuma ba yau aka fara ba. Amma kafin mu yi nisa, cire layin Abuja zuwa Kaduna daga ranka. Wancan kilomita 186 ne, an gina shi don jirgi mai gudu da kaya masu nauyi. Layukan tarihi na Birtaniya yawancinsu mil biyar ne, ko goma, ko ashirin in sun yi tsawo, kuma akasarinsu doka ba ta bar jirgi ya wuce gudun mil 25 a awa a kansu ba, wato kusan kilomita 40. Wannan iyaka ta gudu ita ce ta sa aikin ya zo daidai ƙarfin hannun mutane. Ɗan karkacen da jirgi mai tafiyar mil 20 zai bi ta kansa ya ɗan girgiza fasinja kawai, shi ne zai kifar da mai gudun mil 100.

An fara ne a yankin Wales, a wani ɗan siririn layi mai suna Talyllyn, wanda aka buɗe a 1865 don sauko da dutsen rufin ɗaki daga ma'adinai zuwa garin Tywyn na bakin teku. Faɗin da ke tsakanin ƙarafansa ƙafa 2 ne da inci 3. Mai layin, Sir Henry Haydn Jones, ya riƙe shi yana asara har ya rasu a 1950. A wannan shekarar wani injiniya kuma marubuci, Tom Rolt, ya tara mutane a Birmingham suka kafa ƙungiya, kuma ranar 14 ga Mayu 1951 jirgin farko ya tashi a hannunsu. Shi ne layin dogo na farko a duniya da masu sa-kai suka karɓa suka riƙe. Abin da suka gada kuwa kango ne. Katakan da ake girka ƙarfe a kansu sun ruɓe, a wurare da yawa ciyawa da ƙasa ne kawai ke riƙe da layin, kuma kan jirgi ɗaya tak ke iya motsi. Shekarun farko duk a sauya katako da ƙarfe suka ƙare.

Amma in kana son ka ga iyakar abin da aikin gayya irin wannan ya taɓa yi, to layin Ffestiniog za ka duba, shi ma a Wales. An buɗe shi a 1836 tsakanin Blaenau Ffestiniog da ke kan tsauni da tashar ruwa ta Porthmadog, mil 13 da rabi. Magina na farko sun tsara shi yana gangarowa a hankali tun daga sama har ƙasa, ta yadda taragun da aka cika da dutse ke saukowa da nauyin kansu, dawakai kuma su ja su fanko su koma sama. An rufe shi a 1946. Wani ɗan kasuwa mai suna Alan Pegler ya sayi ikon kamfanin a 1954, masu sa-kai suka shiga sare daji suna buɗe layin kaɗan-kaɗan daga 1955. Suna cikin haka hukumar lantarki ta gina madatsar ruwa a Tanygrisiau, tafkin ya shanye wani yanki na layin, ya toshe bakin tsohon ramin da jirgi ke bi ta cikin dutse. Hanyar komawa Blaenau ta yanke.

Mutane da yawa a nan za su tsaya. Su kuwa suka kama abu biyu a lokaci guda. Kamfanin ya shiga shari'ar neman diyya, wadda ta ci shekara 18 kafin a ba shi fam 106,000 a 1972. Wani matashin injiniya kuma, Gerald Fox, da abokansa suka zana sabuwar hanya ta mil 2 da rabi da za ta zagaye tafkin ta sama. Matsalar ita ce dole layin ya ƙara tudu da kusan ƙafa 35 don ya fi ruwan tafkin tudu, alhali jirgi ba ya hawan tudu kamar mota. Ƙafar ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare ta, don haka hawan da layin ke iya ɗauka bai wuce kamar ƙafa 1 a kowace ƙafa 80 ba. Dabarar da suka yi a wani wuri mai suna Dduallt ita ce layin ya yi da'ira cikakkiya yana hawa a hankali, har ya dawo ya haye kansa ta kan gada. Jirgi yana wucewa ta ƙarƙashin gadar, bayan 'yan mintoci kuma ga shi a samanta.

An sari ƙasar farko a Janairun 1965. Wurin ba hanyar mota, don haka babu maganar katafila. Mutane ne daga Landan da wasu garuruwa ke tasowa daren Juma'a bayan tashi daga aiki, su kwana biyu suna fasa dutse, su koma ranar Lahadi. Wani tsohon soja da ke zaune a Dduallt, Kanar Andrew Campbell, yana da lasisin riƙe nakiya, shi ke tayar musu da dutsen, su kuma su kwashe da shebur su zuba a ƙananan taragu su tura da hannu. Lissafin injiniyan ya yi kyau a nan: dutsen da aka haƙo daga inda tudu ya yi yawa shi ake juyewa a inda kwari yake, ba a sayo ƙasa, ba a kuma neman wurin zubar da ita. Jirgi ya kai Tanygrisiau a 1978, ya shiga Blaenau a Mayun 1982. Daga 1965 zuwa 1978, shekara 13 ke nan a kan mil 2 da rabi.

Sai dai ka lura da abin da bidiyo ba ya nunawa. Da aka zo haƙa sabon rami a cikin dutsen Moelwyn, mai tsawon kusan yadi 300, ba a bar wa masu zuwa ƙarshen mako ba. Ƙwararrun mahaƙan kuza uku aka ɗauko daga Cornwall, aka biya su, suka yi aikin tsakanin 1975 da 1977. A ganina sirrin waɗannan layuka ke nan, ya fi zafin nama da son jirgi muhimmanci: sun san abin da hannu da yawa ke iyawa, sun kuma san inda dole a kira gwani a biya shi. Har yau manyan layukan suna da ma'aikata na dindindin masu albashi, masu sa-kai kuma suna aiki a ƙarƙashin tsarinsu.

Shi kansa shimfiɗa layin ba sihiri ba ne. Abin da ya fi cin lokaci shi ne wanda ba a gani, wato ruwa. Layin dogo ba abin da ke kashe shi kamar ruwan da ya kwanta a ƙarƙashinsa, domin ƙasa ta yi laushi, jirgi ya bi ta kai, laka ta taso ta cika tsakuwa, katako ya ruɓe, layin ya lotsa. Saboda haka aikin farko shi ne share lambatu, buɗe kwalbatocin da suka toshe, da daidaita ƙasa yadda ruwa zai gangara gefe. Bayan nan a zuba fasasshen dutse mai kaifi-kaifi. Tsakuwar rafi mai sulɓi ba ta yi, don ba ta cije juna. A jera katakai ko na kankare a kai, wajen 24 a ƙarƙashin kowane ƙarfe mai tsawon ƙafa 60. Irin wannan ƙarfen a babban layi ya haura kilo 800, shi ya sa za ka ga mutane da yawa sun jeru da manyan awartaki, mutum ɗaya ne kawai ke ba da umarni, kowa ya ɗaga tare ya ajiye tare. A haɗa bakin ƙarfe da ƙarfe da faranti biyu da noti, a bar ɗan tsagi a tsakani domin ƙarfe na miƙewa in ya sha rana. In aka matse tsagin, ranar zafi layin zai lanƙwashe. A inda layi ya yi kwana kuma ana ɗan ɗaga ƙarfen waje sama da na ciki. Daga ƙarshe a sa jak a ɗaga layin zuwa tsayin da safiyo ya auna, a cusa dutse a ƙarƙashin kowane katako har ya zauna daram. Duk wannan, mai lafiya zai koya cikin 'yan watanni in yana da shugaban ayari da ya san aiki, kuma da yawa daga shugabannin nan tsofaffin ma'aikatan reluwe ne da suka yi ritaya.

Tasha da dakalin hawa jirgi da ɗakin sigina sun fi sauƙi, don a cikin mambobi ba a rasa magini da kafinta da mai gyaran wuta. Sau da yawa ma tsohon ɗakin sigina ko gadar ƙafa ake kwancewa daga layin gwamnati a kawo a sake haɗawa.

Maganar ɗora iyali kuwa, dokar ba ta tambayar ko an biya wanda ya ɗaure notin. Hukumar da ke sa ido a kan manyan layukan Birtaniya, Office of Rail and Road, ita ce ke sa ido a kan waɗannan ma. Kowane layi sai ya rubuta tsarinsa na kiyaye haɗari, ana bin layin a ƙafa ana dubawa a kai a kai, tukunyar tururi tana da nata binciken, direba kuma sai ya yi shekaru yana goge inji, ya zama mai zuba kwal, ya ci jarrabawa da gwajin likita kafin a ba shi jirgi. Akawun da ka ambata yana iya zama direba, amma ta wannan tsani zai hau. Ana samun haɗari jefi-jefi kamar a kowane aikin ƙarfe, kuma in ya faru ana bincikensa a buga rahoto.

Ƙarfin mutum ne kyauta. Ƙarfe da dutse da kwal da inshora duk da kuɗi ake sayensu, daga tikitin 'yan yawon buɗe ido, kuɗin mambobi, wasiyyar waɗanda suka rasu da tallafi. Layin Bluebell na kudancin Ingila, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 1960, ya so ya ƙarasa garin East Grinstead, sai ya tarar an mayar da wani kwarin da layin ke bi juji, an cika shi da dubban tan na shara. Shebur ba zai yi wannan ba. Kuɗi suka tara, har da roƙon kowa ya ba da fam 10, aka kira 'yan kwangila, aka kwashe sharar da jiragen kaya. A 2013 suka shiga garin.

To, mu dawo Zariya. Kakanka ya faɗi gaskiya. Ƙaramin layin da Turawa suka kira Bauchi Light Railway, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, an gina shi ne don kuzar Jos, ya isa can a 1914. Sunan ya samo asali daga lardin, bai taɓa shiga garin Bauchi ba. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927 sai kasuwarsa ta fara mutuwa, aka rufe shi a 1957. Ka ga tarihinsa ya yi kama da na Wales: siririn layi, ma'adini, sannan rufewa. Bambancin shi ne su sun kama nasu yana da sauran numfashi. Talyllyn ba a taɓa rufe shi ba, Ffestiniog kuma shekara takwas ya yi a kwance, ƙarfensa na nan, filinsa na hannun kamfani. Namu ya haura shekara 60, gonaki da gidaje sun hau kan hanyar. Sake shi gaba ɗaya sabon gini ne da biyan diyya, ba aikin ƙungiya ba.

Aikin gayya ba baƙonmu ba ne, masallatai da makarantun unguwa nawa aka gina da shi. Abin da zai ba ku wuya shi ne takardar fili daga hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya, da gadi, domin ɓarayin ƙarfe ba su bar layin da jirgi ke bi ba, balle wanda ake zuwa ranar Asabar kawai. In da gaske kuke, ku fara da abin da ba ya motsi. A Ebute Metta ta Legas ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara wani tsohon gidan reluwe da ake kira gidan Jaekel ta mayar da shi ƙaramin gidan tarihin reluwe, da izinin hukumar. Zariya mahaɗar layuka ce, tana da tsofaffin gine-ginen reluwe da taragun da aka yasar, tana kuma da dattawan da suka yi aikin da hannunsu. Ku yi wa ƙungiya rajista, ku nemi izinin gini ɗaya a rubuce, ku ɗauki muryar dattawan nan tun suna raye, ku gyara tarago ɗaya. Maganar shimfiɗa mita 200 na layi a cikin shinge sai bayan kun samu injiniyan da zai sa hannu a kan aikin.