Ɗana yana kiran kowane namiji “Baba”

Tambaya: Malama, ɗana na fari yana da shekara ɗaya da wata bakwai. Duk namijin da ya shigo gidanmu sai ya ce masa “Baba”, har mai kawo mana ruwa. Kuma sunan surukina aka sa masa, don haka ba na kama sunan. Abba muke ce masa, kakarsa kuma ta ce Maigida. Ko mu ne muka rikita shi?

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, ci gaba ne wannan. Yaronki ya gano cewa kalma tana tsaya wa abu, iyakarta ce bai gama sani ba. A wurinsa “Baba” na nufin babban mutum mai kaurin murya. Yara da yawa suna yin haka tsakanin shekara ɗaya da biyu da rabi, shi ya sa za ki ji yaro ya ga tunkiya ya ce akuya.

Fahimta tana riga furuci nesa ba kusa ba. A 2012, Elika Bergelson da Daniel Swingley na Jami'ar Pennsylvania a Amurka sun nuna cewa jarirai 'yan wata 6 zuwa 9 sukan juya ido ga hoton abin da aka ambata, irin su abinci da sassan jiki, tun ba su furta komai ba.

Abin da ya fi taimako shi ne ki bi idonsa. In ya ƙura wa ludayi ido, a lokacin za ki ce “ludayi”, ki miƙa masa, ki maimaita. Sunan da ya zo daidai lokacin da hankalinsa ke kan abu ya fi zama. In ya ce wa baƙo “Baba”, kada a yi masa dariya ko tsawa. Ki ce, “Wannan Kawu ne, Baba ya tafi kasuwa.” Waya da talabijin ba sa ganin inda yaro yake kallo, don haka ba za su yi miki wannan aikin ba.

Alkunya kuwa, ki riƙe abarki. Yaro yana iya amsa suna biyu ko uku. Sai dai ku da kuke tare da shi kullum ku tsaya a kan Abba, kakarsa ta ci gaba da wasanta da maigidanta.

Inda nake so iyaye su farga shi ne in yaro ya cika shekara ba ya waiwayowa idan an kira shi, ko ya kai wata 18 babu kalma ko ɗaya kuma ba ya nuna abu da yatsa, ko ya daina faɗin kalmomin da ya iya. A kai shi asibiti a fara da gwajin ji, musamman in ya taɓa yin sanƙarau, ƙyanda ko ciwon kunne mai zubar da ruwa.