Amsar tambayar Yaya a kan sunan Luciya

Yaya, barka da war haka. Na saurari saƙonki har sau biyu, na kuma gane abin da ya tayar miki da hankali: kin ji tsohuwar maƙwabciyarmu tana kiran Ummi da Luciya a bidiyon da muka turo, sai kika ɗauka mun canza wa yarinya suna don mu saje da Turawa. Ki kwantar da hankalinki. Sunan Inna aka raɗa mata ranar bakwai, shi ne a takardar haihuwarta, shi ne a makaranta.

A nan Italiya doka ta ba iyaye kwana 3 su yi rajistar jariri a asibiti, ko kwana 10 a ofishin ƙaramar hukuma. Yawancinmu ta biyun muke bi, don a kai ranar suna kafin sunan ya hau takarda. Ba a yanka a gida, saboda haka wasu su yi odar rago wurin mahaucin halal, wasu su tura kuɗi gida a yanka, kamar yadda kika tsaya mana a Zariya. Walima kuwa sai Asabar ko Lahadi, don masana'anta ba ta san ranar suna ba.

Luciya laƙabi ne, kuma ga yadda ya samo asali. Tsohuwar nan ta ga ba na iya kiran sunan yarinyar, ta tambaye ni dalili. Na bayyana mata kunyarmu, cewa ɗa ba ya ambatar sunan mahaifiyarsa, na kuma gaya mata ma'anar sunan Inna a Larabci, wato mai haskakawa. Nan take ta ce ai su ma suna da shi. Luciya daga kalmar Latin "lux" ya fito, ma'anarta haske. Na namiji shi ne Lucius, kuma Rumawa suna sa shi tun kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Marubutansu na dā sun ce wanda aka haifa da ketowar alfijir ake sa wa. Da na ji haka sai Ladi da Jummai da Azumi da Marka suka faɗo mini a rai, domin mu ma lokacin haihuwa muke duba mu yi laƙabi.

Da harshen Latin ya rarrabu, kowace ƙasa ta lanƙwasa sunan yadda bakinta ya iya. Italiyawa suna furta shi daidai yadda Bahaushe zai karanta Luciya. Mutanen Sifen su ce wani abu kusa da Lusiya, Faransa da Ingila su gajarta shi zuwa Lusi, a Poland kuwa ana rubuta Łucja, furucinsa ya yi kusa da wutsiya tamu.

Amma ba zan ɓoye miki ba, abin da ya yaɗa sunan a Turai addini ne. Wata budurwa ce mai wannan suna a garin Sirakusa na tsibirin Sisili, aka kashe ta a shekarar 304, zamanin da sarki Diocletian yake gallaza wa Kiristoci. Suka ɗauke ta waliyyiya, gawarta tana wani coci a Venis, babbar tashar jirgin ƙasan birnin ma Santa Lucia ake kiranta. Ranarta 13 ga Disamba. A Suwidin yarinya ke sa farar riga da kambin kyandir a ka ranar, saboda tsananin duhun hunturunsu. A yankinmu na Brescia da Bergamo da Verona kuma, cewa ake yi wa yara tana zuwa da jaki cikin dare ta ajiye musu kyauta, har su bar wa jakin ciyawa ko karas a bakin ƙofa.

A nan ne jama'armu suka rabu. Akwai wani dattijo a cikinmu, mutumin zangon Kumasi, da ba ya yarda a kira jikarsa da kowane sunan Turawa, ko da wasa, kuma ina ganin girman hujjarsa, domin yaro kan bi sunan da ya fi ji. Ni dai na bar tsohuwar da laƙabinta, don ma'anarsa mai kyau ce, kuma ita ta riƙe mana Ummi sa'ad da uwarta take kwance a asibiti. A cikin gida ba mai kiranta haka. Ciyawar jaki ba ma ajiyewa. Na zaunar da Ummi na gaya mata iyaye ne ke sayen kayan nan, ita kuma tata kyautar tana zuwa da Sallah. Bara ta yi kuka da ta ga 'yan ajinsu da sababbin kayan wasa, abin ya taɓa ni ƙwarai, shi ya sa yanzu da Sallah ta matso nake fara tanadi da wuri.

Idan Allah ya kai mu hutun Agusta zan kawo miki ita, ki kira ta Ummi ki ga yadda take amsawa. Ki gaida mai gidan da yara.