Ku Tambaya Mu Amsa: Yawan Ambato Ne Ke Nuna Ƙwarewar Mai Bincike?

Tambayoyin wannan fitowar sun taru a kan yadda ake auna aikin mai bincike a ilmin ƙwayoyin halitta da na aikin magunguna a jiki, ta hanyar maƙalolin da ya wallafa da yawan masanan da suka kafa hujja da su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin fara digirin digirgir a kan yadda magani ke kama furotin. Malamin da nake so ya duba aikina, ma'aunin h ɗinsa 31 ne a Google Scholar, amma a Scopus 22. Wanne ne gaskiya, kuma wannan lambar ta isa in yanke shawara? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Duka biyun daidai ne, rumbun da kowa ke ɗiba ne ya bambanta. Google Scholar na ƙirga kusan duk abin da ya gani a intanet, har da kundayen digiri da takardun taro da maƙalolin da ba a gama tantancewa ba. Scopus, wanda kamfanin Elsevier ya buɗe a 2004, da Web of Science na kamfanin Clarivate, suna ƙirga mujallun da suka zaɓa ne kawai, shi ya sa lambarsu kan fito ƙasa. In za ki kwatanta mutum biyu, ki ɗauko lambobinsu daga rumbu ɗaya, a rana ɗaya.

Shi ma'aunin, Jorge Hirsch na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego ne ya kawo shi a 2005, kuma za ki iya lissafa shi da hannu. Ki jera maƙalolin mutum daga mafi yawan ambato zuwa ƙasa, h shi ne matsayi na ƙarshe da yawan ambaton maƙala ya kai ko ya wuce lambar matsayinta. A ce kin samu 210, 64, 31, 18, 12, 9, 7, 4. Maƙala ta bakwai tana da ambato 7, ta takwas kuwa 4 ne, bai kai takwas ba, saboda haka h ɗinsa 7 ne. Ki lura da wannan mai 210: da za ta kai dubu biyu, h ba zai motsa ba. Kuma muddin rumbun bai sauya ba lambar ba ta sauka, ko da mutum ya shekara goma bai taɓa kwalbar gwaji ba. Wannan ne ya sa take fifita dattijo a kan matashi. Hirsch da kansa ya ba da shawarar a raba h da yawan shekarun da mutum ya yi tun maƙalarsa ta farko.

Amma abin da ke gabanki ya wuce lamba, domin shekaru za ki yi a ƙarƙashin mutumin nan. Ki buɗe PubMed, rumbun maƙalolin ilmin lafiya da halitta, ki ware maƙalolinsa na shekaru biyar da suka wuce, ki duba inda sunansa yake faɗawa. A wannan fanni sunan farko na wanda ya yi aikin da hannunsa ne, na ƙarshe kuwa na shugaban ɗakin gwajin. Wanda kullum yake tsakiyar jerin mutum talatin, wataƙila na'ura ya ba da aro ko samfuri. Abin da za ki nema shi ne maƙalolin da ɗalibansa suke farko shi yana ƙarshe, nan ne za ki gane ko ɗalibi na fitowa daga hannunsa da abin nunawa. Sannan ki cire ambaton da ya yi wa kansa, Scopus na da wurin yin hakan. Kowa kan ambaci aikinsa na baya, ba laifi ba ne, amma in lambar ta zube sosai bayan an cire, a yi hattara.

Daga nan ki ɗauki uku ki karanta har ƙarshe. Sau nawa aka maimaita gwajin, kuma a kan samfuri daban ne ko ɗaya aka raba gida uku? An gwada maganin a matakan ƙarfi da yawa har aka zana layin yadda tasirinsa ke hawa, ko ƙarfi ɗaya tak aka zuba, wanda ya zarce abin da jinin mutum zai iya ɗauka? Ki sa sunansa a PubPeer, shafin da masana ke nuna kurakuran maƙalolin da aka buga, da rumbun Retraction Watch na maƙalolin da aka janye. Wannan ba zargi ba ne: a 2016 Elisabeth Bik da abokan aikinta sun duba maƙaloli 20,621 suka tarar kusan 4 cikin 100 na ɗauke da hotunan da aka maimaita ba bisa ƙa'ida ba. Maƙalar da aka janye ma takan ci gaba da tara ambato, kuma rumbunan na ƙirga wanda ya ambace ka don ya ƙaryata ka daidai da wanda ya yaba.

Tambaya: Maƙalar da na yi bitar ayyukan wasu ta ninka wadda na sha wahalar shekara uku a kanta yawan ambato. Aikina ne bai da daraja? Daga wani malamin jami'a.

Amsa: Malam, ka kwantar da hankalinka, haka abin yake a ko'ina. Mai rubuta gabatarwa ya fi son ya ambaci bita ɗaya da ta tattara komai a kan ya jero maƙaloli goma. Hanyoyin gwaji ma haka suke. Da mujallar Nature ta fitar da jerin maƙaloli 100 mafi yawan ambato a 2014, ta farko ita ce ta Oliver Lowry ta 1951 a kan auna yawan furotin, da ambato sama da 305,000. Lowry ya daɗe yana shugabantar sashen ilmin magunguna a Jami'ar Washington da ke St. Louis. Ta Laemmli ta 1970 ce ta biyu, ta Bradford ta 1976 ta uku, duka hanyoyin aiki da furotin ne da ake buƙata kullum. Maƙalar Watson da Crick ta 1953 a kan siffar DNA ba ta ma shiga jerin ba, don abin da kowa ya sani ba a tsayawa kafa masa hujja.

Wani aikin kuma sai ya kwanta kafin a waiwaye shi. Maƙalar Katalin Karikó da Drew Weissman ta 2005 a mujallar Immunity ba ta ja hankali sosai ba da farko, ga shi ita ce tushen rigakafin mRNA, har ta kai su ga kyautar Nobel a 2023. In kana son awo mai adalci, ka sa maƙalarka a iCite na hukumar binciken lafiya ta Amurka, wato NIH, wanda ke kwatanta ta da takwarorinta na fanni ɗaya. Maki 1.0 na nufin ta yi daidai da matsakaiciyar maƙalar da hukumar ta ɗauki nauyi.

Tambaya: Yaya ake lissafa ma'aunin tasirin mujalla? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ana ɗaukar ambaton da aka yi a shekara ɗaya ga abin da mujalla ta buga a shekaru biyun da suka gabata, a raba da yawan maƙalolin: 600 a kan 200 ya ba da 3.0. Eugene Garfield ne ya assasa shi, kuma mujalla yake aunawa. 'Yan maƙaloli kaɗan ne ke jan lambar sama, saboda haka ba ya faɗin komai a kan taka. Sanarwar San Faransisko a kan tantance bincike da aka tsara a 2012 ta nemi a daina amfani da shi wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma.

Tambaya: Maƙalolina sun rabu gida biyu a Scopus saboda na sauya yadda nake rubuta sunana. Mene ne mafita? Daga wata mai bincike.

Amsa: Malama, ki buɗe ORCID, rajistar shaidar masu bincike, kyauta ne, za a ba ki lamba mai gurbi 16 da za ki riƙa sawa duk lokacin da za ki tura maƙala. Sai ki aika wa Scopus buƙatar haɗe shafukan biyu ta wurin gyaran bayanan marubuci. A Google Scholar kuma ki kashe sabuntawa ta kai tsaye don kada a cusa miki aikin mai irin sunanki, sannan ki haɗe kwafin bioRxiv, shafin da ake ajiye maƙala kafin a tantance ta, da wanda mujalla ta buga, in ba haka ba ambaton zai rabu biyu.